Masallacin da Ba a Gina Ba: Rikicin Park51 da Tuntuɓen Masu Ra'ayin Riƙau a Amurka

A azumin shekarar 2010, wanda ya faɗo tsakiyar damina, kusan kullum in an idar da asham muka baje tabarma a ƙofar gida, da an murɗa rediyo sai an ji labarin "masallacin Ground Zero". Abin da ya zauna a kan mafi yawanmu shi ne wasu Musulmi sun tashi za su kafa masallaci mai hasumiya a daidai ramin da tagwayen benayen New York suka rufta a harin 11 ga Satumba 2001, wurin da ake kira Ground Zero, Amurkawa kuma sun ce atafau ba za ta saɓu ba. Na tuna wani dattijo a majalisarmu, mutum mai kaifin hankali da tsoron Allah, ya gyara zama ya ce, "To ai su ma da neman magana. Duk faɗin ƙasar su rasa wurin masallaci sai nan?" Babu wanda ya musa masa, har ni. Sai da na bi diddigin maganar daga baya na gane cewa sunan da aka laƙaba wa abin ya riga ya yanke mana hukunci tun ba mu san ko mene ne ba.

Ginin da ake cacar baki a kansa yana lamba 45 zuwa 51 a titin Park Place, can kudancin Manhattan, layi biyu daga filin da Cibiyar Kasuwanci ta Duniya take a da. Tazarar ta kai kusan mita 180, kuma mutum in ya tsaya a ƙofarsa ba zai hango filin ba, saboda dogayen benaye sun kare shi. Tsohon kantin sayar da riguna ne na kamfanin Burlington. Ranar 11 ga Satumba 2001 wani ƙarfe daga jikin ɗaya daga cikin jiragen da aka kai harin da su ya faɗo ya huda rufinsa, daga nan aka garƙame shi, ya shekara takwas babu mai shiga. A watan Yulin 2009 wani ɗan kasuwar gidaje haifaffen Brooklyn, Sharif El-Gamal, ya saye shi a kan dala miliyan 4.85. Kafin shekarar ta ƙare an share ƙasan kantin, an shimfiɗa darduma, ɗaruruwan mutane suna sallar Juma'a a ciki duk mako. Direbobin tasi ne, da masu tallar kaya a bakin titi, da ma'aikatan ofisoshin unguwar. Wata da watanni ana haka, ba wanda ya ɗaga kai ya dube su.

Abin da aka shirya ginawa a wurin, wanda daga baya aka sa wa suna Park51, bene ne mai hawa 13, wanda aka ƙiyasta zai ci dala miliyan 100: babban ɗakin taro mai kujera 500, wurin ninƙaya, wurin motsa jiki, ɗakin karatu, makarantar koyon girki, wurin renon yara, wani sashe na tunawa da waɗanda suka mutu a harin, sai kuma wurin salla. Masu aikin sun ce sun ɗauko samfurin ne daga cibiyoyin al'ummar Yahudawa da ke cikin birnin, waɗanda kowa ke shiga ko da ba Bayahude ba ne. Jagoran addini na aikin shi ne Imam Feisal Abdul Rauf, ɗan asalin Masar da aka haifa a Kuwait, basufe, wanda tun 1983 yake limanci a Masallacin Farah, 'yan layuka kaɗan daga nan. Shi ne malamin da Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta tura ƙasashen Larabawa a zamanin George W. Bush, shugaba ɗan jam'iyyar Republican, don ya bayyana musu yadda Musulmi ke rayuwa a Amurka.

A Disambar 2009 jaridar New York Times ta buga labarin aikin a shafinta na farko, ƙura ba ta tashi ba. A watan ne ma Laura Ingraham, fitacciyar mai ra'ayin riƙau a tashar Fox News, ta yi hira da matar limamin, Daisy Khan, ta ce mata abin da suke ƙoƙarin yi ya burge ta. A watan Mayun 2010 majalisar unguwar ta kaɗa ƙuri'a, mutum 29 suka goyi baya, ɗaya ya ƙi, goma suka ƙaurace. A daidai wannan lokacin ne Pamela Geller da Robert Spencer, shugabannin wata ƙungiya da sunanta ma ke cewa a hana musuluntar da Amurka, suka ɗauki zancen suka hura masa wuta. Geller ta kira shi dodon masallaci. Jaridu masu son hayaniya suka karɓa, gidajen talabijin suka karɓa daga wurinsu, kafin a ankara ya zama "masallacin Ground Zero" a bakin duniya. Ko da watan Agusta ya kama, wani jin ra'ayi da CNN ta yi ya nuna kashi 68 cikin ɗari na Amurkawa ba sa son a gina shi.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma rashin adalci ne a yi kamar tsoron mutane ba shi da tushe. Mutum 2,977 aka kashe a hare-haren 2001, kuma iyalai da yawa ba su sami ko ƙashin nasu sun binne ba, don haka a wurinsu unguwar nan maƙabarta ce. A Nuwambar 2009 wani soja Musulmi ya harbe mutum 13 a barikin Fort Hood. Ranar Kirsimetin shekarar ɗan ƙasarmu Umar Farouk Abdulmutallab ya yi yunƙurin tarwatsa jirgin da ya nufi Detroit. Ranar 1 ga Mayun 2010, kwanaki kaɗan kafin rikicin ya ɓarke, an gano mota maƙare da bam a dandalin Times Square. Su ma masu aikin da nasu sakacin. Sun shelanta aikin dala miliyan 100 alhali ba su tara kuɗin ba, da aka tambaye su daga ina kuɗin zai fito amsarsu ba ta gamsar ba. An kuma tono wata hira da limamin ya yi a ƙarshen Satumbar 2001, inda ya ce Amurka ba ta cancanci abin da aka yi mata ba, amma manufofinta na waje sun taimaka wajen haifar da ta'asar. Magana ce da Amurkawa da dama su ma sun faɗa, sai dai daga bakin limami ta fi zafi a kunnen masu makoki.

Duk da haka, hujjar da ta fi tashe a lokacin, wadda har masu hankali suka rungume ta, ita ce ta fi bukatar a tsaya a kanta. Sukan ce, "Mun yarda suna da 'yancin ginawa, tsarin mulki ya ba su. Amma bai dace ba. Su matsa gaba kaɗan, don mutunta waɗanda aka kashe." A kunne magana ce mai taushi, kamar ta dattijon da ya zo raba faɗa. To amma mene ne a cikin sallar direban tasi ɗan Senegal ko ɗan Bangladesh da zai ci mutuncin mamatan? Babu, sai fa in mutum ya riga ya yarda a zuciyarsa cewa wannan direban yana da wani kaso, komai ƙanƙantarsa, a cikin laifin mutum 19 da suka sace jiragen. In an cire wannan zaton, maganar dacewa ba ta da ƙafar tsayuwa. In kuma an bar shi, to an ɗora wa mutum fiye da biliyan ɗaya laifin ƙungiyar Alƙa'ida. Osama bin Laden da kansa abin da yake ta neman duniya ta yarda da shi ke nan, cewa shi ne wakilin Musulunci kuma Amurka da Musulunci take yaƙi. George Bush ya fahimci haɗarin haka, shi ya sa kwana shida bayan harin, ranar 17 ga Satumba 2001, ya cire takalmi ya shiga Cibiyar Musulunci ta Washington ya ce Musulunci zaman lafiya ne.

Mu 'yan Najeriya mun ɗanɗana ɗacin irin wannan kuɗin goro. Bayan abin da Abdulmutallab ya yi, a Janairun 2010 aka saka Najeriya cikin jerin ƙasashe 14 da ake yi wa matafiyansu bincike na musamman a filayen jirgi, alhali mahaifin yaron ne da ƙafarsa ya je ofishin jakadancin Amurka a Abuja ya yi gargaɗi a kan ɗansa. Ranmu ya ɓaci, muka ce wake ɗaya bai kamata ya ɓata gari ba. Abin da Musulmin New York suke faɗa ke nan.

Kuma Musulmi ba baƙi ba ne a unguwar. Masjid Manhattan yana nan tun 1970, layi huɗu daga benayen, kuma ƙarancin wuri a cikinsa, har mutane na salla a gefen titi, yana cikin abin da ya sa ake neman ƙarin fili. A cikin bene na kudu na tagwayen ma akwai ɗakin salla a hawa na 17, ya rufta tare da sauran. Musulmi da dama sun mutu a ranar. Cikinsu akwai Mohammad Salman Hamdani, matashi mai shekara 23, ɗan asalin Pakistan, mai koyon aikin ɗan sanda kuma ma'aikacin agajin gaggawa, wanda ya hango hayaƙi ya ruga don ya taimaka. Da aka neme shi aka rasa, sai aka fara raɗe-raɗin ko yana cikin maharan, sai bayan watanni aka tono gawarsa a cikin ɓaraguzan. Mahaifiyarsa tana cikin waɗanda suka fito suka goyi bayan ginin. Da ake ta cewa "iyalan mamata ba sa so", ba a lissafa da ita. Wasu iyalan sun ƙi ƙwarai, kuma ciwonsu gaskiya ne. Wasu kuma, har da waɗanda ba Musulmi ba, sun goyi baya. Sannan a cikin tazarar nan da ake cewa tsattsarka ce akwai mashaya, akwai shagon caca, akwai gidan rawar tsiraici. Ba a taɓa yin zanga-zanga a ƙofarsu ba.

Wasu sun kawo misalin gidan mata masu zaman zuhudu 'yan Katolika da aka buɗe a 1984 a gefen Auschwitz, sansanin da 'yan Nazi suka yi kisan ƙare-dangi a Poland, wanda Yahudawa suka yi ta ƙorafi a kai har Paparoma John Paul na Biyu ya umarce su su tashi a 1993. Misali ne mai nauyi, amma bai hau ba. Waɗancan sun tare ne a wani gini na sansanin kansa, a wurin da mafi yawan waɗanda aka hallaka Yahudawa ne. Wannan kuwa shago ne a tsakiyar unguwar kasuwanci mai cike da jama'a, inda masu sallar suke aiki kullum, kuma 'yan'uwansu suna cikin mamatan.

Inda abin ya fi ba ni takaici shi ne yadda jiga-jigan masu ra'ayin riƙau suka taka ƙa'idojin da su da kansu suka shekara da shekaru suna wa'azi a kai. Wanda ya san siyasar Amurka ya san ginshiƙan wannan aƙida. Suna cewa dukiyar mutum tasa ce, gwamnati ba ta da hurumin gaya masa abin da zai yi da filinsa. Suna cewa al'amarin unguwa mutanen unguwa ne za su yanke shi, ba wani na nesa ba. Suna cewa addini yana da gurbi a bainar jama'a, kada a kore shi zuwa ƙuryar ɗaki. Suna cewa kowa da nasa alhakin, ba a yi wa mutum hukunci da ƙabilarsa ko launin fatarsa. Har ma sukan yi wa masu sassaucin ra'ayi ba'a, wai sun mai da "an ɓata mini rai" hujjar rufe bakin mutane. Park51 ya zo ya gwada waɗannan duka a lokaci guda. Fili ne na mai shi, ya saya da kuɗinsa. Majalisar unguwa ta amince, magajin gari ya amince, hukumar kula da gine-ginen tarihi ta kaɗa ƙuri'a tara babu ko ɗaya ranar 3 ga Agusta cewa ana iya rushe tsohon ginin. Wurin ibada ne. Masu shi ba su aikata laifin komai ba. Hujjar da ta rage wa masu adawa ita ce an ɓata musu rai.

Sai ga Sarah Palin, jigo a jam'iyyar Republican kuma tsohuwar gwamnar jihar Alaska mai nisa, tana kira ga "Musulmi masu son zaman lafiya" su yi tir da aikin. Sai ga Carl Paladino, wanda ya zama ɗan takarar gwamnan New York na Republican, yana alkawarin in ya ci zaɓe zai yi amfani da ikon gwamnati na ƙwace fili ya hana ginin. Wannan ikon kuwa shi ne wanda 'yan jam'iyyarsa suka yi ta kururuwa a kansa a 2005, lokacin da Kotun Ƙoli ta halatta wa garin New London ƙwace gidajen talakawa a shari'ar Kelo. Shekara biyar kacal tsakani.

Newt Gingrich, tsohon kakakin Majalisar Wakilai kuma malamin tarihi, shi ya fi kowa fitowa fili. Ya ce kada a gina masallaci kusa da Ground Zero muddin babu coci ko wurin ibadar Yahudawa a Saudiyya. A dubi abin da wannan magana ta ƙunsa. Ɗan ƙasar Amurka, haifaffen Brooklyn, an mai da 'yancinsa jingina a hannun wata gwamnatin da bai zaɓa ba, ba shi da ta cewa a cikinta. Kuma mutumin da ke alfahari cewa Amurka ta fi kowace ƙasa saboda 'yancin addini, wanda aka rubuta a gyaran farko na tsarin mulkinta tun 1791, shi ne yake cewa a auna wannan 'yancin da mudun wata ƙasa. Ya kuma ce sunan farko da aka sa wa aikin, Gidan Kurɗuba, alama ce ta cin ƙasa da yaƙi. Kurɗuba dai almajiran ilimi a ƙasar Hausa sun san ta, ita ce birnin Andalus da ake jingina mai tafsiri Alƙurɗubi gare ta, a nan aka haifi Ibn Rushd, a nan aka haifi babban malamin Yahudawa Musa bin Maimun. Masu aikin sun ce zaman tare na wancan zamani suke nufi. Ana iya jayayya a kan ko zaman ya kai yadda ake kambama shi, amma ko da suka sauya sunan zuwa Park51, wanda lambar gida ce kawai, adawar ba ta ragu ko kaɗan ba.

Abin da na fahimta shi ne, ra'ayin riƙau a Amurka igiya biyu ce aka tufka wuri guda. Ɗaya tana kare ƙa'ida: a taƙaita ikon hukuma, a bar mutum da dukiyarsa da addininsa. Ɗayar tana kare kamanni: wace irin ƙasa ce wannan, su wa ke da ita, su wa aka bari su zauna a matsayin baƙi. Muddin mai neman 'yancin Kirista ne farar fata, igiyoyin biyu suna ja wuri ɗaya, ba wanda zai gane biyu ne. Ranar da mai filin ya zama Musulmi sai suka rabu, aka ga wadda ta fi ƙarfi. An fake da guzuma ne, wato mutunta mamata, aka harbi karsana.

Hujjar da ta tabbatar mini da haka tana garin Murfreesboro a jihar Tennessee, fiye da kilomita 1,000 daga New York. A wannan daminar dai Musulmin garin, waɗanda suka shekara kusan talatin suna zaune lafiya, suka nemi gina sabon masallaci domin tsohon ya yi musu kaɗan. Babu wani Ground Zero a can. Amma an lalata allon da suka kafa a filin, an cinna wa motocin aikin ginin wuta, an kai su kotu. A gaban alƙali lauyan masu ƙara ya yi ta jayayya cewa Musulunci ma ba addini ba ne, tsarin siyasa ne, don haka kariyar tsarin mulki ba ta hau kansa ba. Sai da Ma'aikatar Shari'a ta tarayya ta shigar da takarda tana tabbatar wa kotu cewa Musulunci addini ne. Ba a buɗe masallacin ba sai a Agustan 2012, shi ma da umarnin kotun tarayya. An yi irin wannan tirka-tirka a Temecula ta jihar California, da Staten Island, da unguwar Sheepshead Bay a Brooklyn. Wanda ya ce "su matsa gaba kaɗan" bai taɓa faɗin iyakar inda za a matsa a tsira ba. Ko a Turai haka zancen yake. A Nuwambar 2009 kashi 57.5 cikin ɗari na masu zaɓe a Suwizalan suka amince a haramta gina hasumiyar masallaci, a ƙasar da hasumiya huɗu ce tak a cikinta a lokacin.

Dokar da ta ceci masallacin Murfreesboro ita ma abin lura ce. An kafa ta a shekarar 2000 don hana ƙananan hukumomi fakewa da dokokin tsara gari su takura wa wuraren ibada, kuma majami'un Kirista masu ra'ayin riƙau suna sahun gaba wajen neman ta. Ɗaya daga cikin waɗanda suka gabatar da ita shi ne Sanata Orrin Hatch na Utah, ɗan Republican kuma mabiyin ɗariƙar Mormon, wadda ta sha kora da kisa a tarihin Amurka. Hatch ya tsaya a kan bakansa a 2010, ya ce in Musulmi ne suka mallaki filin suna da damar gina masallacinsu. Ron Paul, ɗan majalisa daga Texas, ya ce rikicin ƙiyayya ce da tsoron Musulunci kawai. Ted Olson, babban lauyan gwamnatin Bush, wanda matarsa ta mutu a jirgin da aka buga wa ginin Pentagon, shi ma ya goyi bayan 'yancinsu. Waɗannan sun cancanci a ambace su da girmamawa, domin su ne suka riƙe aƙidar da gaske a ranar da riƙe ta ke da tsada. Sai dai 'yan tsiraru ne, kuma jam'iyyar ba bayansu ta bi ba.

Ɗaya ɓangaren ma, wato 'yan jam'iyyar Democrat da masu sassaucin ra'ayi, ba su fita da farin tufafi ba. Shugaba Obama ya yi magana mai ƙarfi a wurin buɗa-baki a Fadar White House ranar 13 ga Agusta, ya ce Musulmi suna da 'yancin yin addininsu kamar kowa, har da gina wurin ibada a filinsu a kudancin Manhattan. Washegari ya sassauta, ya ce shi a kan 'yanci ya yi magana, bai ce komai a kan hikimar yin ginin a can ba. Harry Reid, jagoran 'yan Democrat a Majalisar Dattawa, wanda kujerarsa ke rawa a Nevada, ya ce a kai shi wani wuri. Ƙungiyar ADL ta Yahudawan Amurka, wadda aka kafa don yaƙi da wariya, ita ma ta nemi a sauya wuri, sai a 2021 shugabanta ya fito ya nemi afuwar Musulmi, bayan shekara 11. Wanda ya tsaya ƙyam tun daga farko har ƙarshe shi ne magajin garin New York, Michael Bloomberg, Bayahude. A jawabinsa na 3 ga Agusta ya tuna wa mutanen birnin cewa a ƙarni na 17 an hana Yahudawa gina wurin ibada a wannan unguwar, an kuma taɓa haramta wa 'yan Katolika yin addininsu a fili. Ya ce 'yan kwana-kwanan da suka kutsa cikin benayen ba su tsaya tambayar kowa wane Ubangiji yake bauta wa ba.

Zaɓen rabin wa'adi ya zo ranar 2 ga Nuwamba 2010, 'yan Republican suka ƙaru da kujera 63 a Majalisar Wakilai. Tattalin arziki da dokar inshorar lafiya su ne manyan dalilan, ba masallaci ba. Amma abin mamaki, daga ranar zancen masallacin ya bi ruwa. Ana ci gaba da salla a tsohon kantin, a Satumbar 2011 ma aka buɗe wani sashe nasa da baje kolin hotunan yaran New York, babu wanda ya zo da kwalin zanga-zanga. In da gaske wurin ne ke sosa rai, da ciwon bai warke da rufe rumfunan zaɓe ba.

Abin da bai bi ruwa ba shi ne darasin da 'yan siyasa suka koya, cewa tsoron Musulmi haja ce mai kasuwa. A ranar zaɓen nan kashi 70 cikin ɗari na masu ƙuri'a a Oklahoma suka amince a hana kotunan jihar duba shari'ar Musulunci, a jihar da Musulmi ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, kafin kotun tarayya ta soke dokar. Wani fasto a Florida da ya yi barazanar ƙona Alƙur'ani ranar 11 ga Satumba, washegarin ƙaramar salla, ya aikata hakan a Maris ɗin 2011, masu zanga-zanga a Mazar-i-Sharif ta Afghanistan kuma suka kashe ma'aikatan Majalisar Ɗinkin Duniya bakwai waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, wato kuɗin goron dai aka mayar ta ɗaya gefen. Donald Trump, wanda a Satumbar 2010 ya yi tayin sayen filin da ribar kashi 25 cikin ɗari don a kai masallacin nesa, shi ne a Disambar 2015 ya nemi a rufe wa Musulmi ƙofar Amurka gaba ɗaya. Da ya hau mulki takunkumin tafiye-tafiyensa ya taɓa Chadi a 2017, ya taɓa Najeriya a 2020.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, don haka ba zan rufe ido a kan namu ba. Maganar Gingrich ba baƙuwa ba ce a kunnenmu. Kiristoci a wasu jihohin Arewa sun daɗe suna kukan cewa samun takardar mallakar fili don gina coci ya fi ƙarfinsu, Musulmi a wasu garuruwan Kudu maso Gabas su ma suna kukan an hana su fili ko an rushe musu masallaci. Kuma in ka saurari mai kare hanin a kowane ɓangare, abin da zai ce maka shi ne, "Su a can suna barin namu?" Ko kuma ya ce, "Ba mu hana su addininsu ba, amma nan bai dace ba, su je bayan gari." Na ji wannan daga bakin mutanen da nake ganin girmansu, waɗanda in aka ba su labarin Murfreesboro ransu zai ɓaci. Alhali Alƙur'ani ya maimaita mana cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani, kuma a aya ta 40 ta Suratul Hajji, da aka lissafo wuraren ibadar da ake tsare su daga rushewa, an ambaci na Kirista da na Yahudawa tare da masallatai. Bahaushen da ke sayar da albasa a Onitsha ba shi ya hana coci a Arewa ba, haka shi ma mai sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari ba shi ya rushe masallaci a Kudu ba.

Shi kuwa Park51, kotu ba ta hana shi ba, hukuma ba ta hana shi ba. Wani ɗan kwana-kwana ya kai ƙara, alƙali ya yi watsi da ita a 2011. Amma bayan irin wannan tozarci masu kuɗi sun ja baya, limamin da ɗan kasuwar suka raba gari a farkon 2011. A 2015 aka rushe tsohon kantin, El-Gamal ya fara gina dogon bene mai hawa 43 na gidajen attajirai a wurin, aikin kuma ya tsaya a 2019 saboda rikicin bashi. Cibiyar mai hawa 13, da ɗakin taronta da wurin renon yaranta da sashen tunawa da mamata, ba a aza ko tubalinta ɗaya ba. Dattijon majalisarmu ya tambaya ko sun rasa wuri ne sai nan. Da na san abin da na sani yanzu, da na ce masa, "Baba, a nan suke aiki, a nan azahar take riskarsu."